Malaman Jami'a Ma Na Buƙatar Zaman Karatu

Ana ɗaukar malamin jami'a ko kwaleji aiki ne bisa digirin da ya samu a fanninsa, ba a cika duba ko ya iya koyarwa ba. Shi ya sa har gobe wasu ke shiga aji su yi ta shifta daga tsohon littafi, ɗalibai su haddace, su juye a jarrabawa, su manta.

Akwai gyara mai araha. Malamai takwas zuwa goma daga sassa daban-daban su zaɓi littafi ɗaya kan dabarun koyarwa, su riƙa haɗuwa duk bayan mako biyu suna tattauna babi guda. Kowa ya gwada abin da aka karanta a ajinsa, ya dawo ya faɗi yadda ta kaya. A nan malamin lissafi zai ji yadda malamar tarihi ke sa cunkoson aji magana, sabon malami kuma ya yi tambayar da yake jin nauyin yi a taron sashe. Jami'ar Miami da ke jihar Ohio a Amurka ta fara haɗa malamanta a irin waɗannan rukunoni tun 1979.

Hukumar TETFund na kashe maƙudan kuɗi wajen tura malamai ƙaro karatu. Wannan zaman karatu kuwa ɗaki, littattafai da lokaci kawai yake buƙata. Muna kira ga shugabannin manyan makarantu da su ware masa lokaci a jadawalin aiki, su kuma sanya shi cikin abubuwan da ake dubawa wajen ƙarin girma.