Karo-karon buga littafi ba bashin asusu ba ne

Yau zancenmu a kan marubuciyar da ta gama rubuta labarinta ne, amma kuɗin bugawa ya gagara.

A Amurka akwai wani dandalin intanet, Kickstarter, da aka buɗe a 2009. Marubuciya ta faɗi kuɗin da take buƙata, ta tsaida ranar rufewa, masu son karatu kowa ya yi alkawarin abin da zai iya. Dokarsu guda ta burge ni: in ranar ta zo kuɗi bai cika ba, ko dala ba a karɓa hannun kowa. In ya cika, a buga, mai zubi ya samu littafinsa.

To, in wata cikinmu ta zo da wannan buƙata, ni dai shawarata kada a taɓa akwatin asusu. Kuɗin akwati bashi ne, yana da ranar biya da ribarsa. Littafi kuwa ba ƙosai ba ne da ake soyawa da safe ya ƙare kafin hantsi; sai ya shekara bai ƙare ba, ga ranar rabo ta matso.

A buɗe takarda daban. Ta fara kawo farashi rubuce daga maɗaba'a, ta karanta mana babi ɗaya wurin taro, mu ji ko labarin ya kai. Wadda ta zuba jika guda, littafi ta saya tun kafin a buga shi. Ma'ajiya ta riƙe kuɗin, ba marubuciya ba. In bai cika ranar da aka sa ba, a maida wa kowa nata.