Kafin Ka Sayi Jif Ɗin Shiga Daji, Ka Fara Lissafa Kuɗin Mai

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, ba ka rasa cin karo da irin bidiyon nan ba: samari huɗu ko biyar sun ɗaure tanti da katifa a saman jif, sun nufi Yankari ko tsaunin Mambila, ana gashin nama ana shan shayi, mota ta sha laka har gilashi. Kallo ɗaya za ka yi ka ji kai ma kana so. Daga nan sai tambayoyi su cika ƙasan bidiyon: wace mota ce wannan, nawa ake sayar da ta hannu?

Son fita a ga ƙasa ba laifi ba ne. Abin kunya ne ma a ce matashi ya san sunayen unguwannin Dubai amma bai taɓa ganin ruwan Wikki ba. Sai dai akwai wurin da masu bidiyon ba sa kunna kyamara, wato gidan mai da garejin bakanike. Can ne ake gane ko an yi sayayya ko an sayo wa kai wahala.

Abin da ya canza daga 2023

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a jawabinsa na kama aiki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta kai 617, zuwa Oktoban 2024 kuma ta haura naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja. Tun da matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024 farashin yana hawa yana sauka, amma bai ko kusanci inda ya baro ba. Mu nan Arewa kuma kullum da ɗan ƙari a kai, saboda nisan da tanka ke yi kafin ta iso.

A Yunin 2023 ɗin dai Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a 2024. Motar tokumbo da dala ake sayo ta, kuɗin kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi, ka ga duka biyu ke nan a wuri guda. Ga shi mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, alawus ɗin ɗan bautar ƙasa kuma 77,000.

Wannan ne ya juya kasuwar mota. Masu manyan jif masu fulogi shida da takwas suna neman kai da su, ƙananan motoci marasa shan mai kuma kowa na rububinsu. Shi ya sa za ka ga tsohuwar jif ƙatuwa, mai kujerun fata, ana tallarta da kuɗin da bai kai na Corolla mai tsafta ba. Kada ka ɗauka ka tsinci dami a kala. Mai ita ya gaji da ciyar da ita ne, yana neman wanda zai ɗora wa.

Mu yi lissafi a fili

Daga Kano zuwa sansanin Wikki da ke cikin Yankari, ka je ka dawo, kilomita 800 ne da 'yan kai. Toyota RAV4 mai fulogi huɗu, idan injinta lafiya yake, tana shan kimanin lita 10 a kowace kilomita 100, wato lita 80 a tafiyar. Nissan Xterra mai injin lita 4 kuwa tana shan kusan lita 14, wato lita 112. Mu ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi: bambancin naira 32,000 ne a tafiya ɗaya tak. Wannan kuɗin zai ciyar da ku gaba ɗaya a hanya.

Kuma ka tuna, daji sau nawa za ka je a shekara? Biyu ko uku, idan ka yi ƙoƙari. Sauran kwanakin motar nan makaranta za ta kai ka, ta kai Umma asibiti, ta ɗauko ƙanne daga islamiyya, ta tsaya cikin cunkoson Ƙofar Nasarawa inji na aiki ba a motsi. A nan ne babban inji ke cinye aljihu a hankali. Don haka motar da za ka saya ta kwana 350 na cikin gari ce, wadda kuma za ta iya ɗaukar sauran kwanakin na daji.

Wai ina ma za ka je?

Yawancin wuraren da ake ɗoki ba sa buƙatar motar yaƙi. Hanyar Yankari kwalta ce daga Bauchi ta Dindima har ƙofar Mainamaji, daga nan kuma har sansanin Wikki. Corolla ma tana zuwa. Kallon dabbobi a cikin dajin kuwa da ɗan jagora ake yin sa, ba gaban kanka za ka yi ba. Dam ɗin Tiga da magangarar ruwan Gurara da ta Assop duk kusa da titi suke.

Mataki na biyu shi ne hanyar burji da gargada, irin ta ƙauyukanmu da rani. Abin da ake buƙata a nan shi ne tsayin mota daga ƙasa da taya mai kyau. Corolla tana da tazarar santimita 15 ko ƙasa da haka tsakanin cikinta da ƙasa, RAV4 wajen 19, Subaru Forester wajen 22. Waɗannan 'yan santimitocin su ne ke raba wanda ya wuce lafiya da wanda dutse ya fasa wa tukunyar baƙin mai.

Mataki na uku shi ne daji na gaske: cikin gandun Gashaka-Gumti, mafi girman gandun daji na ƙasa a Najeriya, ko ƙauyukan da ke bayan Gembu a kan tsaunin Mambila da damina. Can kam sai mota mai ja da taya huɗu, mai ƙaramar giyar nan ta ƙarfi da ake hawan dutse da fita daga laka da ita. Wani wurin ma ita kanta ajiye ta ake yi a hau babur. Tambayi kanka tsakani da Allah, a wane mataki tafiye-tafiyenka suke? Mafi yawanmu a na ɗaya da na biyu muke.

Motocin da suka cancanci dubawa

Toyota RAV4, ƙirar 2006 zuwa 2012, ita ce ta fi dacewa da mafi yawan mutane. Kayan gyaranta suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma da wuya ka shiga garin da bakanike bai san injinta ba. Amma ka lura: ƙirar 2006 zuwa 2008 mai injin lita 2.4 ta yi suna wajen shan baƙin mai. Ta 2009 zuwa sama mai lita 2.5 ta fi kwanciyar hankali. Akwai kuma mai fulogi shida, tana da gudu, amma ba ita kake nema ba.

Honda CR-V ta 2007 zuwa 2011 kishiyarta ce. Cikinta da faɗi, idan ka kwantar da kujerun baya za ka loda tanti da tabarma da kula ba matsi. Ba ta laka mai zurfi ba ce, amma burji ba ya ba ta tsoro.

Idan kuɗin bai kai nan ba, duba Pontiac Vibe ko 'yar uwarta Toyota Matrix. Sunan Pontiac kada ya ruɗe ka, kamfanin ya daina fitar da motoci tun 2010, amma injin lita 1.8 da ke cikinta na Toyota ne, irin na Corolla. Ta fi duk waɗanda muka ambata a sama sauƙin mai, bayanta kuma a shimfiɗe yake idan an kwantar da kujeru. Matsalarta ɗaya, ba ta da tsayi sosai, sai ka bi gargada da lallami.

Subaru Forester mota ce ta ƙwarai a hanya marar kyau, sai dai kafin ka saya ka fara nemo bakaniken da ya san ta da shagon da ke da kayanta a garinku. Idan ta tsaya maka a Serti, kana iya kwana kana jiran a aiko da kaya daga Legas. Suzuki Jimny ita ce 'yar daji ta gaskiya a cikin ƙanana, injinta lita 1.3, tana da giyar ƙarfi, ba ta shan mai. Amma ƙarama ce, mutum huɗu suka shiga babu wurin kaya, kuma ba ta da yawa a kasuwarmu. Hilux da Prado kuwa kowa ya san aikinsu, kowa kuma ya san kuɗinsu ba na ɗalibi ba ne.

Ranar sayayya

Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka yarda da bakaniken da dillali ya kawo maka. Ka tafi da naka, ka biya shi kuɗin dubawa, ya sa mata na'urar kwamfuta. Ka ce a bar motar ta kwana ba a tayar ba, don injin sanyi ba ya ɓoye hayaƙi da ƙara.

Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da lambobi 17 a ƙasan gilashin gaba. Idan daga Amurka ta fito, da wannan lambar za ka iya duba tarihinta a intanet, ka ga ko ta taɓa mummunan haɗari, ko ambaliya ta taɓa shanye ta, ko an mayar da mitar tafiyarta baya. Motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa daina ba da matsala. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashi ka duba tsatsa, musamman wadda ta fito daga Kanada inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Abu uku ne ake yawan yi wa motocin da aka yi amfani da su a nan gida. Na farko, a cire farfelar da ke kai ƙarfi tayoyin baya idan ta lalace, sai ka sayi mota da tambarin taya huɗu alhali biyu ke ja. Na biyu, a fasa salansa a cire matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi a sayar. Na uku, a cire abin da ke daidaita zafin inji wai don kada mota ta yi zafi, alhali injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai. Ka sa a duba maka duka ukun.

Sai takardu. Tun farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka idan an ce maka 'yar Kwatano ce kuma arahar ta yi yawa, ka tantance takardun kwastan ɗinta a ofishinsu kafin ka tura ko sisi. Motar da aka ƙwace a shingen bincike ba ta kai kowa daji. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a kuɗin saye. Ka ware na tayoyi, da juyen baƙin mai, da birki, da batir. Taya ma tana da ranar haihuwa: lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Batun iskar gas

Gwamnati na ta kiran mutane su mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG, kuma gaskiya ta fi fetur sauƙi. Ga mai yawo a cikin garin da ke da wurin ɗura ta, shawara ce mai kyau. Ga mai shiga daji kuwa da sauran magana. Tukunyar tana cinye but ɗin da za ka sa kaya, tana ƙara nauyi, wuraren ɗurawa kuma a Arewa ba su da yawa, balle a hanyar Gembu. Can dole fetur za ka koma.

Abin da mota ba ta maganinsa

Babu jif ɗin da ke kare mutum daga 'yan bindiga. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari wuri ne mai kyau, amma kowa ya san abin da ya hana mutane zuwa. Kafin ka kama hanya ka tambayi direbobin tasha da mutanen yankin halin da ake ciki a makon nan, ba a bara ba. Ka yada zango inda hukumar wurin ta amince, kada ka yi tafiyar dare, ka sanar da gida inda kake. Ke kuma 'yar uwa mai sha'awar irin wannan tafiya, haka abin yake gare ki. Hoton wurin kuma a bari sai an dawo a ɗora, ba lallai duniya ta san inda kuka kafa tanti a daren nan ba.

Idan kuma ka yi lissafin nan ka ga bai fita ba, babu abin kunya a ciki. Ku haɗu ku biyar ku yi karo-karo, ku ɗauki shatar mota da direban da ya san hanya, ku je ku dawo. Kuɗin tafiya uku a haka bai kai abin da tsohuwar jif za ta ci maka a gareji cikin shekara ɗaya ba. Wanda ya je Wikki a motar haya da wanda ya je a Prado, ruwa ɗaya suke shiga, mai ɗumin digiri 31 rani da damina.