FILIN ƊALIBAI: Katun Ɗin da Ya Raba Kan 'Yan Makaranta



Tun da na ambaci fim ɗin A Silent Voice makonni biyu da suka wuce, a cikin jerin katun ɗin Japan da ake kira anime, saƙonni ba su daina shigowa ba, musamman daga Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa. Kan masu rubutowa ya rabu biyu. Ɓangare ɗaya na cewa sun yi asarar kuɗin turi da cajin waya a kan fim marar gishiri: ba faɗa, ba gudu, ba mai tashi sama irin Naruto ko Goku, sai kallon-kallo da sunkuyar da kai har awa biyu da minti goma. Ɗaya ɓangaren kuma ya ce duk wanda ya kira shi lami, to da ido kawai ya kalla, hankalinsa na wani wuri. Yau za mu baje wannan gardama a faifai.

Ga waɗanda ba su gani ba, ga labarin a taƙaice. Fim ɗin ya fito a Japan a 2016, kamfanin Kyoto Animation ne ya shirya shi, wata mata mai suna Naoko Yamada ta ba da umarni. An ɗauko shi daga littafin labari mai zane na Yoshitoki Oima, kuma sunansa na asali, Koe no Katachi, yana nufin siffar murya. An kawo wata yarinya kurma, Shoko, aji shida na firamare. Tana tafe da littafin rubutu domin duk mai son magana da ita ya rubuta. Wani yaro, Shoya, ya sa ta gaba da tsokana: ya yi mata ihu a kunne, ya jefa littafin a tafkin makaranta, ya riƙa fizge na'urar da take saƙalawa a kunne don ta taimaka mata wajen ji. Har guda takwas aka ɓatar ko aka lalata. Da magana ta kai ga shugaban makaranta, sai ajin gaba ɗaya ya ɗora wa Shoya laifin shi kaɗai, mahaifiyarsa mai sana'ar gyaran gashi ta biya yen miliyan 1.7, shi kuma ya koma wanda ake tsangwama. Bayan shekaru, yana ajin ƙarshe na sakandare, ya koyi maganar hannu, ya tafi neman Shoko domin ya mayar mata da littafinta.

To, ina zurfin da ake ta faɗa? Zan kawo wurare uku, duk mai fim ɗin a waya ya koma ya duba.

Na farko, fuskoki. A sakandare, kusan kowa da Shoya ya haɗu da shi akwai babbar alamar X a kan fuskarsa, irin wadda malami ke zabga wa amsar da ba daidai ba. Babu wanda ya tsaya ya yi mana bayaninta. Sai ka lura da kanka cewa yaron ba ya iya haɗa ido da mutane, shi ya sa ma ake yawan nuna mana ƙafafu da takalma, domin abin da mai sunkuyar da kai ke gani ke nan. Idan ya saki jiki da wani, alamar ta ɓare ta faɗi. Idan zargi ya dawo, ta koma ta manne. Mu da muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, me ya rage wa wanda ya daina kallon fuska?

Na biyu, tebur. Wata rana Shoya ya tarar da Shoko tana goge teburinsa, ya ɗauka wani mugun abu take ƙullawa, har suka yi kokawa. Sai bayan an canza mata makaranta ya riƙa tarar da zagi a rubuce da alli a kan teburin. Ashe zagin da 'yan aji ke rubuta masa ne take sharewa kafin ya iso. Ba ta taɓa faɗa ba, fim ɗin ma bai buga ganga a kai ba.

Na uku, kunne. Ranar da mahaifiyar Shoya ta kai kuɗin ga mahaifiyar Shoko, an janye mu daga wurin, ba mu ga abin da ya gudana ba. Sai dai ta dawo da jini a kunne, ɗan kunnenta babu. Ka tuna cewa Shoya ya taɓa fizge na'urar Shoko har kunnenta ya yi jini, sannan ka haɗa lissafin da kanka.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne a ce ɗan ƙasar Kazaure ne zai kasa gane irin wannan salo. Mu ne fa masu alkunya. A gidajenmu da yawa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, amma ranar da zai koma makarantar kwana kowa ya san wa ta tashi da asuba tana daka wa yaji da ƙuli-ƙuli. Wanda ya tashi a irin wannan gida ya riga ya san cewa shiru ma magana ce. Abin da ya faru kawai shi ne idonmu ya saba da finafinan da jarumi ke faɗin abin da ke ransa da baki, kiɗa ya maimaita, mai fassara kuma ya ƙara da barkwanci.

Amma fa masu suka suna da hujjar da ba za a share ba, kuma wata ɗaliba daga Babura ce ta fi kowa kawo ta da kyau. Ta ce labarin ya fi damuwa da nadamar mai cin zali fiye da ciwon wadda aka zalunta. Gaskiya ne. Shoko tana yawan murmushi da ba da haƙuri ko da ita aka cuta, kuma ba kasafai ake shigar da mu cikin tunaninta ba. Akwai kuma Ueno, wadda ta ci zalinta a firamare, ta sake yi da suka girma, ba wani hukuncin kirki da ta fuskanta. Wanda ya fita daga fim ɗin yana ganin cewa wajibi ne duk wanda aka cuta ya yafe nan take, ya ɗauki darasin da zai iya cutar da wani. Yafiya kyauta ce daga wanda aka zalunta, mai laifi ba shi da ikon ƙayyade mata lokaci. Tsakiyar fim ɗin kuma ta cika da taurari, domin an matse littafi mai juzu'i bakwai cikin fim ɗaya, har wasu ba a gama ba da labarinsu ba.

Duk da haka, ni ina tare da masu cewa fim ɗin ya ci sunansa, kuma dalilina yarinya ɗaya ce mai suna Kawai. Ba ta taɓa fizge komai ba. Dariya kawai take yi idan ana tsokana, da aka zo bincike kuma ta fashe da kuka ta ce ba ruwanta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A kowane aji, mai cin zali ɗaya ne ko biyu, amma masu dariya da masu kawar da kai su ne sauran arba'in ko sittin. Fim ɗin ya bar tambayarsa mafi nauyi a hannunsu.

Kuma wannan tambaya ba ta Japan kaɗai ba ce. Yankinmu yana cikin wuraren da sanƙarau ke ɓulla lokacin zafi, shi da ƙyanda kuma suna iya barin yaro da raunin ji har abada. Wasu ana kai su makarantu na musamman irin ta Tudun Maliki da ke Kano, amma da yawa suna nan tare da mu, suna zaune a bencin baya, ana kiran su daƙiƙai alhali muryar malam ce ba ta isa gare su. Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, sai dai doka ba ta zama a aji. Ku ne ke zama. Mai in-ina da ake kwaikwayo, zabiya da aka laƙaba wa suna, ɗan aji ɗaya da siniya ke ƙwace wa abinci, duk akwai masu kallo a wurin. Ba wa mai raunin ji kujerar gaba, ara masa littafinka ya kwafa, ko fuskantar sa idan kana magana domin ya ga bakinka, ba sa cin ko sisi. Hausawa ma suna da tasu maganar hannu da kurame ke amfani da ita, kuma gaisuwa da ita ba ta da wuyar koyo.

Gargaɗi biyu kafin na rufe. Fim ɗin ya taɓo batun yanke ƙauna daga rayuwa, don haka ba na ƙananan yara ba ne, kuma duk wanda ya ji irin wannan nauyi a ransa ya samu iyaye, malamin da ya yarda da shi ko wani babba ya faɗa masa. Sannan al'adunsu na sutura da cuɗanya ba namu ba ne. A ɗauki darasi, a bar musu sauran. 'Yan aji shida masu jiran WAEC da NECO kuwa, ku ajiye shi sai an gama jarrabawa.

Ku ci gaba da gardamar, amma da sharaɗi: duk wanda zai ce fim ya yi kyau ko bai yi ba, ya nuna wurin da ya dogara da shi. Abin da malamin adabi ke nema ke nan idan ya tambaye ku jigo, salo, zubi da tsari. Tambayar wannan mako: tsakanin Shoya, Ueno da Kawai, wa ya fi laifi, kuma me ya sa? Ku rubuto da sunan makarantarku, amsoshi uku da suka fi ƙarfin hujja za su fito a wannan shafi.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.