RA'AYINMU: A Bar Ɗalibai Su Ƙera, Su Kayar, Su Sake Ƙerawa

A watan Disamba na 2013, a Kaduna, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Gulma, jirgin sama maras matuƙi wanda injiniyoyin Sojan Saman Nijeriya suka ƙera. A watan Fabrairu na 2018 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙanensa, Tsaigumi, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Fotugal. Jama'a sun ga bikin, amma ba kowa ya san asalin aikin ba. Tushensa shi ne wani ƙaramin jirgi mai suna Amebo, wanda ɗaliban Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna suka koyi aiki a kansa tare da taimakon Jami'ar Cranfield ta Ingila. Watau daga aji aka faro.

Wannan darasi ne ga jami'o'i da kwalejojin fasaha na ƙasar nan, inda sau da yawa aikin kammala karatu yakan ƙare a takarda mai kyakkyawan bango, a ajiye ta a kanta ƙura ta rufe.

Jirgi mai kafaffun fikafikai ya bambanta da mai farfela huɗu wanda ake ɗaukar hoton biki da shi. Iskar da ke ratsa fikafikansa ce ke ɗauke da shi, saboda haka ba ya shan batir sosai, yana kuma cin dogon zango, sai dai ba ya iya tsayawa cik a sama. Irinsa ne kamfanin Zipline ya soma kai jini asibitocin Ruwanda da shi a 2016, ya shiga Ghana a 2019, ya iso Jihar Kaduna a 2022.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani ɗalibi zai zana fiffike ya lissafa nauyin da zai ɗauka. Wani ya kula da inji da batir. Wani ya saita na'urar tuƙi, wadda ke karɓar saƙon taurarin ɗan'adam ta bi hanyar da aka shata mata. Wani kuma ya riƙa rubuta sakamakon kowane gwaji. Idan nauyi ya rinjaya baya ko da kaɗan ne, jirgin zai ɗaga hanci ya rikito. A nan ne ɗalibi zai gane cewa sakacin mutum ɗaya yana rusa wahalar mutum goma, abin da allo ba ya koyarwa.

Kuɗin ma ba abin tsoro ba ne. Ana iya yin gangar jikin da soso mai tauri, manhajar tuƙi irin su ArduPilot kuwa kyauta ce. Abin da ake bukata shi ne haƙuri da bin mataki: a fara tuƙa shi da hannu ta rediyo, sai ya tabbata lafiya lau sannan a miƙa wa na'ura linzami. Duk da haka jirgin farko zai faɗi, wataƙila har da na biyu. Shugaban makarantar da ya ɗauki faɗuwar a matsayin ɓarnar dukiya ya kashe aikin tun a ƙwai.

Gaskiya ne akwai batun tsaro, domin miyagu ma suna amfani da irin waɗannan jirage. Shi ya sa doka ta wajabta neman izinin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa da amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Amma makaranta ce ya kamata ta nemi iznin, ba a bar ɗalibi yana yawon ofisoshi ba.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga ma'aikatun ilmi da shugabannin makarantu da su ware ɗan kaso na dindindin domin wannan aiki, su keɓe filin gwaji nesa da gidaje da filayen jirgin sama, su kuma tabbatar kowane aji ya gadar wa na bayansa littafin gwaje-gwajensa. Ɗalibai kuma su sani cewa ba jirgin ne babbar riba ba, mutanen da suka iya ƙera shi ne. Da koyo akan iya.