Auna FGF23 Ba Almubazzaranci Ba Ne

Akwai masu cewa sayen sinadaran garkuwa domin nazarin FGF23 ɓarnar dukiya ce a ƙasa irin Ghana, inda zazzaɓin cizon sauro bai daina kisa ba. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta da tushe, kuma 'ya'yan talakawan Madina, Nima da Mamobi ne za su ɗanɗana kuɗarta.

FGF23 sinadari ne da ƙwayoyin ƙashi ke fitarwa, an kuma gano shi a shekarar 2000. Shi ke umartar ƙoda ta zubar da fosfet cikin fitsari. Idan ya yi yawa, fosfet ya ragu a jini, ƙashin yaro ya yi laushi, ƙafafunsa su lanƙwashe. Ana auna shi ne da sinadarin garkuwa, wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji domin ya kama shi a cikin jini.

Masu ganin wannan matsalar Turawa ce sun jahilci abin da aka gano a Afirka ta Yamma. A 1999, bincike a Jos ya nuna cewa yara masu laushin ƙashi sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D kaɗai. A 2008, masana a Gambiya suka tarar FGF23 ya hauhawa a jinin irin waɗannan yara. Ashe ba kowace lanƙwasar ƙafa ce ke da sanadi ɗaya ba.

Awon kansa yana da tarko. Wani sinadarin garkuwa cikakken FGF23 kaɗai yake kamawa, wani kuma har da gutsattsarinsa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ya zama ruwan dare ga mata da yaran wannan yanki, yana ƙara yawan gutsattsarin. Don haka jini ɗaya kan ba da sakamako biyu, kuma ma'aunin da aka tsara da jinin mutanen Turai yana iya ɓatar da likita a Accra.

Cibiyar Noguchi, wadda aka kafa a 1979, tana Legon, kusa da Madina. Irin waɗannan cibiyoyi ya kamata a ba kuɗi su tantance sinadaran da jinin mutanen gida, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya hana kuɗin awo bai yi tattali ba. Ya dai bar uwa tana sayen magani a kan zato, ƙashin ɗanta kuwa yana ƙara lanƙwashewa.