Waiwaye: An kare bishiya, an sare daji

A shekarar 1902 aka fara tsintar wani tsiro a jikin itace a tsibirin Campobello da ke gabashin Kanada. Liken ne mai kama da ganye, masana suna kiransa Erioderma pedicellatum. Faɗinsa bai cika kai tafin hannun yaro ba. In ya bushe sai ya yi toka-toka, gefensa ya nannaɗe sama har a ga farin cikinsa. In raɓa ta jiƙa shi sai ya yi shuɗi-shuɗi, ga gashi mai laushi a bayansa da ƙananan ƙuraje jajaye inda irinsa yake.

Halitta biyu ce a jiki ɗaya: naman gwari da ke ba da mazauni, da wata ƙwayar halitta mai shuɗi-kore da ke haɗa abinci daga hasken rana. Ba shi da saiwa. Duk abin da zai ci ko ya sha daga iska da hazo yake samu, shi ya sa hayaƙin masana'antu da ruwan sama mai guba suke saurin kashe shi.

Abin da ya faru da shi a Suwidin shi ne ya fi tsaya mini a rai. An same shi a lardin Värmland, har mutanen ƙasar suka raɗa masa sunan lardin. A farkon shekarun 1950 aka keɓe ɗan wurin da yake, aka hana taɓa itatuwan. Niyya mai kyau ce, kuma a wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne a yi wa tsiro irin wannan doka. Sai dai dajin da ke kewaye ba ya cikin dokar, aka zo aka sare shi ƙarƙaf. Iska ta samu hanya, rana ta shigo, laimar da tsiron yake rayuwa da ita ta tafi. Ba wanda ya sa masa hannu, amma ya ɓace daga Suwidin baki ɗaya. A ganina darasin a fili yake: abin da yake raya wannan halitta ya wuce iyakar shingen da aka yi mata, don haka wanda zai zana iyakar wurin kariya dole ya fara tambayar ina danshin yake fitowa.

A 2003 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa, yana cikin liken biyu na farko da suka shiga wannan jeri. A lardin New Brunswick na Kanada, inda tsibirin Campobello yake, an daina samunsa. A lardin Nova Scotia ya ragu sosai. Tsibirin Newfoundland ne ya zama matattararsa, amma can ma akwai damuwa: ƙatuwar dabbar nan mai kama da gwanki, mus, wadda aka shigo da ita tsibirin, tana cinye 'ya'yan itacen balsam tun suna ƙanana, alhali a kan wannan itace tsiron yake zama. Tsofaffin bishiyoyi suna faɗuwa, babu masu maye gurbinsu.

Daga baya an gano shi a Alaska da kuma Kamchatka ta Rasha, abin da ya faranta ran masu bibiyarsa ƙwarai. A Nova Scotia kuwa, yanzu idan aka ga bishiyar da ke ɗauke da shi a dajin gwamnati, ana barin itatuwan da ke zagaye da ita a tsaye.