Ɗaci ma ɗanɗano ne: abin da wani tsohon Bature ya tuna mini a Malam Inna

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Kuma tun kafin wani ya fara zare mini ido: ba na shan giya, ban taɓa sha ba, ba kuma tallarta na zo yi ba. Haramcinta yana nan a Suratul Ma'ida, ba ya jiran ra'ayina. Ku dai bi ni zuwa ƙarshe.

Daren Talatar da ta wuce an ɗauke wuta a layinmu, zafi ya koro mu waje, mun baje kan tabarma a ƙofar gida. Maƙwabcin ɗakina ɗan Kaltungo ne, Kirista, yana karanta Maikirobayoloji a GSU. An ba su aiki kan yadda yis ke sarrafa hatsi, sai ya faɗa kan wani bidiyo, muka leƙa muna kallo tare. Wani dattijon Bature ne zaune da kofin gilashi guda. Wallahi ya fi minti goma yana magana a kan kofin nan. Ya ɗaga shi sama ya ce launinsa kamar jan ƙarfe. Ya sansana ya ce yana jin ƙamshin gasasshen burodi da ɓawon lemo. Ya kurɓa kaɗan, ya yi shiru, sannan ya ce zaƙi-zaƙi ne ke fara zuwa, irin na sugan da ya ɗan ƙone, sai ɗaci ya biyo baya ya wanke baki. Muka kwashe da dariya. Wani a cikinmu ya ce, "Kai, wannan tsohon ba shi da aikin yi."

Mutumina bai yi dariya ba. Ya ce abin da tsohon ke sha sunansa ESB, wato Extra Special Bitter, kuma kamfanin Fuller's da ke unguwar Chiswick a Landan ne ya fito da shi da wannan suna a 1971. A Ingila kalmar da ke nufin "mai ɗaci" ita ce sunan wani rukuni guda na abin shansu tun ƙarni na 19, mutum ya shiga ya ce a ba shi mai ɗaci, kowa ya gane. Ana jiƙa sha'ir ya yi tsiro, a busar da shi a ɗan gasa, a niƙa, a jiƙa a ruwan zafi har sitacin ya koma suga, a tace, a tafasa da wani fure da ake kira hofs. Furen nan shi ke kawo ɗacin. Daga nan sai a zuba yis, shi kuma ya mayar da sugan barasa. Ya ce duk abin da masu sha ke yabawa a ESB shi ne daidaito: kada zaƙin tsiro ya danne ɗacin fure, kada ɗacin ya danne zaƙin.

Sai ya juyo ya dube ni. "To kai da kake dariya, shayin nan da kake sha sau uku a rana, bayyana mini ɗanɗanonsa."

Na buɗe baki, na rasa abin faɗa. Iyakar abin da na sani a kan shayi guda biyu ne: "ya yi daɗi" da "suga bai ji ba". Shekara uku ina zama a bencin mai shayi ɗaya, ban san daga ina ganyen yake ba, ban san ɗanɗanonsa shi kaɗai ba, domin ban taɓa bari ya iso harshena ba sai da cokali uku na suga da madara sun rufe shi.

Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu ba za su so shi ba: mu samarin yanzu mun kashe harshenmu da suga. Abin da ke cikin kofin tsohon nan ba namu ba ne, amma natsuwar da yake yi wa abin da yake sha, tamu ce tun asali, mu muka yar.

Ku tuna goro. Kakana, Allah ya jiƙansa, ba ya karɓar goro ya jefa a baki haka kawai. Sai ya juya shi, ya duba bayansa, ya ɓara ya saurari ƙarar, sannan ya gutsira. Yana da sunaye: marsa manya zaɓaɓɓu, minu ƙanana, daushe wanda ya kwana biyu a huhu ya nuna, gandi mai yauƙi wanda ba ya so a ba baƙo. Yana rarrabe fari da ja ba a ido kaɗai ba, har a harshe. Ranar da na fara gutsira ina yaro na tofar, sai ya ce, "Haƙuri, ɗan nan, sha ruwa ka ji." Na kurɓi ruwan randa, sai na ji ya koma zaƙi kamar an sa masa zuma. Ɗaci a gaba, zaƙi a baya. Saboda wannan ɗan ɗacin fa kakanninmu fatake suka yi ta tafiyar watanni da jakuna zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Kuma sunan goro ne a Turance ya zama rabin sunan Coca-Cola, wadda aka fara haɗawa a Amurka a 1886. Mu da muka san goron tun kafin su, yau mun bar wa tsofaffi da ranar ɗaurin aure.

Ku duba ma yaren namu. Hausa tana da ɗaci, tana da bauri, kuma ba ɗaya ba ne: ɗaci na maɗaci ne da shuwaka, bauri shi ne wanda ke ɗaure baki kamar ɗanyar ayaba ko shayin da ya daɗe a wuta. Akwai garɗi na gyaɗa da aya. Akwai tsami, akwai yaji, akwai maƙaƙi da ke kama maƙogwaro, akwai ƙauri idan abu ya kama tukunya, akwai zartsi na ruwan wata rijiyar, akwai lami idan abu ya fito salam. Mutanen da suka ƙirƙiro waɗannan kalmomi suna sauraron harshensu. Yaushe rabon da ka ji wani a ajinku ya yi amfani da uku daga ciki? Komai "daɗi" ne ko "ba daɗi", kuma idan ka bincika, daɗin nan suga ake nufi.

Washegari na tafi wajen wani Buzu mai gadi da ke dafa shayinsa a bakin wani shago kusa da mu. Kullum ina wuce shi da sallama kawai. Na ce, "Baba, yau ni ma a sa da ni." Ya yi murmushi ya matsa mini. Ƙaramar buta a kan gawayi, koren ganye na ƙasar Sin, ruwa kaɗan. Ya bar shi ya daɗe yana tafasa, ya yi ta ɗurawa daga sama zuwa ɗan ƙaramin kofi yana mayarwa har kumfa ta tsaya. Na farko da ya miƙo mini, sai da idona ya kawo ruwa. Ɗaci da bauri tare, ga ƙauri-ƙaurin gawayi. Na biyu ya sauko, ɗacin ya yi laushi, ƙamshin na'a-na'a ya fito. Na uku ya zo da zaƙi sosai, amma zaƙin yana da ma'ana domin harshe bai manta na farkon ba. Ya ce a wajensu ana cewa na farko ɗaci kamar mutuwa, na biyu sauƙi kamar rayuwa, na uku zaƙi kamar soyayya, kuma wanda ya sha ɗaya ya tashi bai sha shayi ba. Mun yi sama da awa guda. Ban taɓa waya ba. Daren nan na yi karatu har ƙarfe biyu ido garau, ban kashe ko sisi a kan abin gwangwani ba.

Ga wani abin da ya ƙara ba ni haushin kaina. Lemon malt da muke ji da shi, wanda ake ajiye wa babban baƙo, hanyarsa da ta abin tsohon Baturen nan ɗaya ce har zuwa tafasa. Bambancin shi ne ba a barin yis ya mayar da shi barasa. Maltina ta fito a 1976. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da sha'ir da tsironsa, dole kamfanonin suka koma kan dawa da masara, kuma ko bayan an sassauta, dawa ba ta fita daga harkar ba. Dawar nan dai, irin wadda ake jibgewa buhu-buhu a Tudun Hatsi. To hikimar tsiron hatsi ai iyayenmu mata sun san ta: mai kunun zaƙin da ta iya, tana sa tsiro da dankalin Hausa su kawo zaƙi na kansu, ta ƙara citta da kanumfari da masoro. Amma idan ta kawo a gora sai mu yi ta taya ta kamar kayan gwanjo, idan aka zuba ɗan uwansa a gwangwani mai ƙyalli mu biya ninki-ninki ba musu. Ana noman shayi a Kakara, kan tsaunin Mambila a Taraba, maƙwabciyarmu. Cittar Kachia ta yi suna a duniya. Zoɓon Jigawa har Meziko ake kai shi. Mu kuma ba za mu iya faɗin yadda zoɓo yake ba idan babu suga da garin ƙamshi na leda.

Wani zai ce, "Malam, mutum na fama da kuɗin haya da na rajista, abincinsa garau-garau, kai kana maganar ɗanɗano?" Na yarda da rabi. Wanda ya wuni bai ci ba, shayi mai kauri da suga da burodi shi ne abincinsa, ba zan yi masa wa'azi ba, ni ma na sha kwana a haka. Amma lura ba ta cin kuɗi. Kuma ku lissafa abin da muke kashewa a satin jarabawa kan lemon ƙarin kuzari, gwangwani biyu ko uku a dare. Kuɗin guda ɗaya zai sayi ganyen da mutum huɗu za su sha su yi karatu.

Sannan akwai jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da babba ke ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da yake samu a rana, wato wajen giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Da yawa daga lemukan roba masu santilita 50 sun kusa cinye wannan adadin su kaɗai. Ka ƙara shayin safe, shayin dare, da zoɓon rana. Har gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemo mai suga a dokar kuɗi ta 2021. Wa ke cikinmu da ba shi da kawu ko gwaggo mai ciwon suga? Mu kuma tun muna shekara ashirin muke tara namu.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Muna tsoron abin da ke zuwa da ɗaci da wari, kuma daidai ne mu guji giya. Amma ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi cin samari da 'yan matan Arewa a shekarun nan da zaƙi ya shigo. Kodin ruwan magani ne mai zaƙi, a juye shi cikin robar lemo a zauna ana kurɓa a bainar jama'a, ba mai ganewa. Sai da BBC ta fitar da bincikenta a 2018 kafin gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi. Harshen da ya saba haɗiye duk wani abu mai zaƙi ba tare da tambaya ba, shi ne mafi sauƙin yaudara. Wanda ya san ɗanɗanon abin shansa zai iya lura idan ɗanɗanon ya canza. Zai gane kunun da ya kwana biyu ya fara kumfa da wani irin tsami mai kaifi, ya san ya juya, ya zubar.

Ba na cewa mu koma kamar tsohon Baturen nan muna ɗaga kofi sama muna surutu. Ga dai abin da nake roƙo, sati ɗaya kacal. Gobe idan ka je wajen mai shayi, ka ce ya ba ka kurɓi biyu kafin ya sa komai, ka riƙe a baki ka nemo kalmarsa. Ka rage cokali ɗaya daga abin da ka saba. Ki tambayi mai kunun da kike saya me da me ta sa, za ki sha mamakin yadda za ta saki jiki ta yi miki bayani. Ka sayi goro ɗaya wajen dattijon bakin masallaci, ka ce, "Baba, wane iri ne wannan?" ka gutsira, ka bi da ruwa.

Ni kam na sayi ƙaramar buta. Ranar Alhamis bayan isha'i za mu hura gawayi a ƙofar gidanmu, ni da mutumin Kaltungo da ya ƙure ni. Wanda ya san layin ya zo da kofinsa. Sharaɗi ɗaya ne: ba a tashi sai an sha na uku, kuma wanda ya ce "ya yi daɗi" kawai, shi zai sayi gawayin sati mai zuwa.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu sa'ar jarabawa.